Duk Kanwar Ja Ce

A cikin maganganun da muka gada babu wadda ta kai "duk kanwar ja ce" jin ƙan bayin Allah. Magana ce mai kashe gardama tun tana ƙwai, mai hutar da malami da ɗalibi, mai sa a tashi taro da wuri a sami la'asar cikin jam'i. Wanda ya fara faɗinta Allah ya kai haske kabarinsa, tunda namu na nan duniya an ɗauke. Abin da ke ba ni takaici kawai shi ne 'yan kanwa na kasuwar Kurmi, waɗanda ya kamata su fi kowa riƙo da ita, su ne suka fi kowa saɓa mata. Je ka ce a ba ka kanwa, sai mutum ya ɗago kai ya tsare ka da ido: ja, ko fara, ko ungurnu? Ta miya ce, ko ta dabbobi, ko ta magani? Kai da ka zo da kuɗinka sai an mai da kai ɗan makarantar allo. Kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shekara 500 da ɗoriya, amma har yau mutanenta ba su waye sun gane cewa suna ba a bakin komai yake ba.

Alhamdu lillahi, inda 'yan kanwa suka gaza, masu kawo mana sabon makamashi sun fitar da mu kunya. Su nake so in yi wa kirari yau, su da kalmarsu guda ɗaya tilo, gas, wadda ta zame musu riga da wando da mayafi.

Bara da kaka aka kira mu taron bita a wani otal a bayan ganuwa. Mu ne masu ruwa da tsaki: masu unguwa biyu daga cikin birni, mata masu gurasa, 'yan shayi, wani tsohon maƙeri da ya zauna kusa da ni, sai ni da aka ɗauko saboda an ce ina ɗan taɓa rubutu. Maudu'in taron shi ne bayomas gasifikeshan. Haka aka rubuta shi a ƙyalle, haka aka faɗe shi, haka kuma muka komo gida da shi ko ƙwarzane bai yi ba. Injiniyan da ya yi jawabi saurayi ne mai kwat da daɗin baki. Majigi na haska bango, janareta na ruri a waje yana shan dizal domin mu ji daɗin sauraron yadda za a rabu da dizal. A gefensa ga tafinta, wanda a wurina shi ne gwarzon ranar. Injiniya ya ce bayogas, tafinta ya ce iskar gas. Ya ce singas, ya ce iskar gas. Ya ce furodusa gas, ya ce iskar gas. Da aka zo kan LPG da CNG ma bai sauya sheƙa ba. Kalma biyar ta shiga kunnensa, ɗaya ta fito ta bakinsa, ita ma ba ta yi gumi ba. Ga ta shida kyauta, domin a tasha in direba ya ce gas ya yi tsada, dizal ɗin nan da ke ruri a waje yake nufi. A wannan marra ta tsadar rayuwa, in ba a yaba wa mai tattali irin wannan ba, wa za a yaba wa?

Kada in tauye wa injiniya nasa ladan. Shi ma a Turancinsa bai nuna wariya ba. Bakinsa na maganar gasifaya, hoton da ke bango na ramin kashin shanu ne, kuma babu ɗayansu da ya ji kunyar ɗan'uwansa. Can sai tsohon nan ya miƙe da ƙyar.

"Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ita tukunyar nan taku, ɗanye take ci ko busasshe?"

"Baba, ai shara ce abincinta. Duk abin da ka samu, zuba."

"To wuta ake hura mata, ko rufe ta ake yi ta ruɓa?"

"Duk ɗaya ne, Baba. Gas dai za ta ba ka."

Aka tafa. Tsoho ya zauna yana girgiza kai irin na waɗanda zamani ya wuce ya bari a baya. Aka raba shinkafa da kaza da ambulan ɗin kuɗin mota, kowa ya sa hannu a takarda cewa an wayar masa da kai.

Ku dubi wahalar da amsar nan ta ɗauke mana. Da an yi rashin sa'a wani mai ƙaƙale ne ke riƙe da lasifikar, da cewa zai yi tambayar tsohon ita ce karatun baki ɗaya. Da ya ce bayogas ɗan ruɓa ne: a kwaɓa kashin shanu ko ƙazantar tumbi ta mayanka da ruwa, a zuba a rami, a toshe kada iska ta shiga, a bar ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su yi ta ci har makonni. Babu ruwansa da wuta, ɗumi kawai yake so kamar na jikin mutum, shi ya sa yake yin nawa da hunturu. Abin da ke tasowa, daga rabi zuwa kashi 2 cikin 3 metan ne, shi ne mai kamawa. Gasifaya kuwa ta saɓa da wannan ta kowace fuska. Busasshe take ci: ɓuntun shinkafa, totuwar masara, ɓawon gyaɗa, kara, guntayen itace. Wuta ake hura mata, amma wutar da aka shaƙe wa wuya, a ba ta kamar rubu'i ko sulusin iskar da za ta ishe ta ta ci ta cinye. Zafi ya haura digiri 700, a wani saƙon ya wuce 1,000. Kayan su bushe, su yi gumi su fitar da tururi da kwalta, su koma gawayi, sa'an nan hayaƙin ya ratsa ta cikin jan garwashi ya fito ya zama wani abu dabam: kusan kashi 1 cikin 5 kabon monoksaid, haidirojin kusan haka ko ƙasa kaɗan, ɗan metan, rabin duka kuwa naitirojin ne da ya biyo iska ya shigo, ɗan rakiya, ba ya kamawa ba ya tsinana komai. Wannan shi ne furodusa gas. Saboda yawan ɗan rakiyar, ƙarfinsa bai wuce kamar kashi 1 cikin 7 na gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa ba, don haka ɗura shi a tukunya a kai kasuwa asarar tukunya ce. Inda aka yi shi nan ake ƙona shi. Singas na gaskiya, in ji mai ƙaƙalen, sai an hura da tsantsar oksijin ko da tururi a maimakon iska, an sallami ɗan rakiya, shi ne masana'antu ke juyawa su yi takin zamani da wasu sinadarai. Na tukunyar girki, wato LPG, wanda matanmu ke jijjigawa su ji ko ya kusa ƙarewa, ruwa-ruwa yake a ciki, furofen ne da buten. Na mota kuwa, wato CNG, wanda gwamnati ta rungumo bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, metan ne da aka danna da matsin da ya ninka na tukunyar girki sau 20 ko fiye.

Ni da na rubuta wannan na gaji, balle ku. Da an bi ta nan da shinkafar ta huce.

Masu cewa mun ɓata kalmar gas ba su san tarihinta ba. Wanda ya ƙirƙiro ta wani masani ne ɗan birnin Burasel, Jan Baptist van Helmont, da ya rasu a 1644. Gawayi ya ƙona, laba 62, ya auna tokar ya tarar da laba 1, ya tsaya yana tunanin inda 61 suka shige. Ya ce sun zama wani ruhi da ba ya kamuwa a tulu, ya ba shi sunan da in an juyo shi zuwa harshenmu zai zama iskar daji. Da mutanen Barbushe na gindin Dala sun ji wannan suna da sun gyaɗa kai, sun ce ashe Bature ma ya san su. Ita kalmar gas ɗin kuwa daga wata kalmar Girkanci ya tsago ta, wadda Turawa ke nufin hargitsi da ita har gobe. Sun shafe shekara kusan 400 suna wahalar raba hargitsin nan gida-gida, kowane da sunansa da ma'auninsa. Mu a taro guda, kafin azahar, muka mayar da kalmar gidan ubanta. Wannan shi ake kira riƙon amana.

Kuma kada a ɗauka alherin dunƙule suna ya tsaya ga hutun ƙwaƙwalwa. Bakuna da yawa yake ciyarwa. Hausawa sun ce suna linzami ne, to wane ɗan kwangila ne mai hankali zai ɗauki linzami da hannunsa ya sa wa bakinsa? In takarda ta ce a kawo "na'urar samar da iskar gas daga shara", ko durom ya huda ya liƙa masa bututu ya shafe shi da koren fenti, ya cika alkawari, alƙali ma ba shi da ta cewa. Amma a ce takarda ta fayyace: ɓuntu za ta ci ko itace, iska ta sama za ta shiga ta gangara ko ta ƙasa za ta hau, kilowat nawa, awa nawa a rana, kwalta nawa aka yarda ta saura kafin gas ya shiga inji, ai an ɗaure bawan Allah da jijiyar jikinsa. Kwaltar nan ita ce mai kashe aure tsakanin gasifaya da inji. In ba a sanyaya gas an tace shi ba, sai ta daskare a bawul kamar ɗanko, inji ya yi tari biyu ya yi shiru. Mutumin kirki ba ya ambatonta a gaban baƙi. Haka ita ma kalmar bayomas, babban bargo ce mai rufin asiri. Ɓuntu kusan kashi 1 cikin 5 ne na nauyin shinkafa shanshera, in kuma ya ƙone kusan kashi 1 cikin 5 nasa toka ce mai yashi-yashi, irin sinadarin da ake yin gilashi da shi. Tukunyar da aka ƙera don guntayen itace, in ka ɗura mata ɓuntu shaƙewa za ta yi. Amma tunda sunansu ɗaya a takarda, laifin na tukunya ne da ba ta yi karatu ba.

Dubi abin da ƙaƙale ya jawo wa waɗanda suka ɗauke shi sana'a. Wani Bafaranshe, Georges Imbert, ya zauna a shekarun 1920 yana auna maƙogwaron tukunya da girman ƙofofin iska, sai ga shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yi wuya a Turai, motoci kusan miliyan ɗaya suna yawo da itace da gawayi. Direba ya tashi da asuba ya kwashe toka ya wanke matata, duk don kawai ya isa inda za shi. A jihar Bihar ta Indiya kuma, tun wajen 2008, kamfanin Husk Power Systems ya ware ɓuntu shi kaɗai ya yi masa tukunyar da ta dace da shi, ƙauyuka suka sami lantarki, yara suka shiga ukun karatun dare. Mu Allah ya raba mu da wannan ɗawainiya. Ɓuntunmu na Kura, wanda masu kaji da masu turara shinkafa ba su kwashe ba, yana nan tsibi-tsibi cikin rufin asiri, yana ci a hankali yana yi wa matafiya turare kyauta.

Ɗan kasuwa ma ya sami rabonsa, ni ne shaida. Da duhu ya ishe ni na je sayen inbata da batir a wani shago da ba zan ambata ba, saboda mutumin bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba.

"Alhaji, wannan uku da rabi ce. Gidanka gaba ɗaya za ta ɗauka."

"Uku da rabin me?"

"Uku da rabi dai, Alhaji. Babba ce."

Na biya, aka haɗa mini da batir biyu masu ɗari bibbiyu. Muka kunna firiza da fankoki da talabijin, har uwargida ta jona dutsen guga don murna. Kafin sha ɗayan dare abin ya fara kuka kamar jinjirin da aka yaye. Daga baya wani yaro mai karatun injiniya a unguwarmu, irin marasa tausayin nan, ya zaunar da ni ya ce uku da rabin KVA ce, wadda a kilowat ba ta fi 2.8 ba, kuma ko ita faɗin bakin famfo kawai take nunawa. Yawan ruwan da ke cikin randa shi ne kilowat-awa, kuma batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 kilowat-awa 2.4 yake riƙewa, irin nawa na dalma kuwa rabi ake sha a bar rabi in ana son ya yi kwana. Wato na sayi ƙaton famfo na ɗora a kan 'yar ƙaramar randa. Da ban ji wannan bayani ba da har yanzu ina cikin farin cikin cewa ƙaddara ce.

Manya ma da wannan dabara suke fita kunyar jama'a. Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Challawa cikin Janairun 2023 aiki ne na gaske, ba ni da ta cewa a kansa. Abin da nake yabo shi ne yadda lamba irin wannan ke fita daga bakin mai jawabi tsirara, babu mai tambayar yaushe. Goman nan ta tsakar rana ce, ranar da sama ta yi garau kuma aka goge ƙurar hunturu daga faifan. Da dare sifili ce, in aka baje ta a kan dare da rana kusan kashi 1 cikin 5 za ta koma. Megawat ake yanka wa ƙyalle a ɗauki hoto. Megawat-awa shi ne mai juya injin markaɗe, shi ya sa mai wayo ba ya kiran sunansa. Kada kuma a ce mu kaɗai ne: a Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars saboda wasu ma'aikata suna lissafi da ma'aunin laba, wasu da na mita. Su sai suka ji kunya suka kafa kwamitin bincike. Da mu ne da cewa za mu yi aiki ya yi kyau, tunda sama aka tura shi kuma sama ya tafi.

Amma babbar baiwar dunƙule suna ita ce kwanciyar hankali, har da irin wadda ba a tashi daga cikinta. A wurinmu hayaƙi shi ne abin da ido ke gani, mai yaji, mai sa tari. In ya wuce, wuta ta zama lafiyayya. Da sanyin hunturu, a lungunan cikin birni inda tagar ɗaki ba ta fi tafin hannu biyu ba, ita ma an cusa mata tsumma, sai ka ji uwa ta ce wa 'yarta, "Hayaƙin ya ƙare, shigo da kurfotin ki ja ƙofa." Daidai lokacin ne jan garwashi ke sakin kabon monoksaid, wanda ba shi da launi, ba shi da wari, kuma jinin mutum ya fi ƙaunarsa a kan oksijin sau 200 da ɗoriya. Ba ya sa tari. Ɗan ciwon kai, sai kasala, sai barci mai nauyi. Haka na janaretan da ake turawa cikin soro ko ƙarƙashin bene don gudun ɓarayi. Wane baƙo ne ya kai wannan ladabi, ya shigo ko sallama bai yi ba don kada ya tashi masu gida? Da safe in an ɓalle ƙofa, wasu su ce guba aka sa a tuwo, a juya a kalli kishiya. Wasu su ce iska ce ta shafe su. Na biyun sun fi kusa da gaskiya, iska ce, sai dai mun yi mata sutura, mun ƙi raɗa mata sunan da za a kama ta da shi. Yanzu ku tuna cewa kashi 1 cikin 5 na gas ɗin gasifaya wannan baƙo ne, kuma a taronmu an gaya wa mata masu gurasa cewa shi da na girki duk ɗaya ne, ana iya jan tiyo a kai shi har ɗaki.

A birnin Benin, cikin Oktoban 2024, wata mota ta tarwatse a wurin shan CNG, aka gano tukunyar da ke jikinta haɗin walda ce, ba wadda aka ƙera don wannan matsi ba. A ƙa'idar harshen taronmu mai waldar ba shi da laifi. Tukunyar gas aka ce ya yi, tukunyar gas ya yi.

Duk da wannan ci gaba akwai masu ja mana baya, kuma abin kunya a tsakiyar birni suke zaune. Na farko maƙera. Labarin kafuwar garin nan ya ce wani maƙeri daga Gaya mai suna Kano ne ya zo gindin Dala neman tama, masu tonon ƙasa kuma sun sami burbushin narkar da ƙarfe a wurin da ya haura shekara 1,000. Me mutanen nan suke yi? Gawayi a matsattsen wuri, iska gwargwado daga zuga-zugi, kabon monoksaid ya tashi ya fizge oksijin daga jikin tama ya bar ƙarfe. Wato abin da injiniya ya zo da shi a majigi, kakanninsa suna gindin Dala. Shuɗin harshen nan da ke rawa a kan garwashin maƙera, gas ɗin ne yake ci. Sai dai mutanen ba su da sauƙin kai. Komai sai sun ba shi sunansa: uwar maƙera dabam, masaba dabam, awartaki dabam, su kansu sun rabu maƙeran baƙi da maƙeran fari. Gawayi ma ba su yarda duk baƙi ne ba. Aiki yaro ya sayo na ɗan shayi a maimakon na ƙirya, ka ga yadda za a kora shi ya mayar.

Na biyu marina na Ƙofar Mata. Su nasu jiƙo ne: baba da toka da katsi a cikin ruwa, a bar rami kwana da kwanaki har ya nuna. Wannan ɗan'uwan ramin bayogas ne, aikin ƙwayoyin halitta a cikin laima, babu wuta babu zuga. Shekaru ɗaruruwa sana'o'in nan biyu suna cikin ganuwa ɗaya, mai wuta da mai jiƙo, ba a taɓa jin wanda ya kai gatari karofi a gyara masa baki ba, ko ya kai wa maƙeri farin yadi ya rina. Tambayar tsohon nan ke nan, ɗanye ko busasshe, wuta ko ruɓa, tambayar da duk ɗan koyo ya san amsarta kafin ya yi gemu. Sai da ilimin zamani ya zo muka iya haɗa maƙera da karofi a tukunya guda.

In aka matsa wa masana sai su ce Hausa ce ba ta da kalmomin kimiyya. Uzuri ne mai kyau, a riƙe shi hannu bibbiyu, kada dai a bar kowa ya buɗe ƙamus. Na Bargery da aka buga a 1934 da na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, a bar su a kanta su huta. Wanda ya buɗe zai tarar da harshen da ya raba garwashi da gawayi, toka da kunkunniya, tartsatsi da harshen wuta, ƙirare da gungume, har busasshen kashin shanu ya ware shi ya ce kandilo. Zai tuna cewa mai ɗaya ne a baki, amma babu matar da ta taɓa zuba fetur a miya, domin harshen ya tanadi linzaminsa: man gyaɗa, man ja, man shanu, man kaɗanya. Zai tuna mutanen da suka ga abin da ba su taɓa gani ba suka ce jirgin ƙasa, suka ce tauraron ɗan'adam, suka ce yanar gizo, suka ce Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga nan sai shaiɗan ya raya masa ya ce gas ɗin ruɓa, gas ɗin shaƙaƙƙiyar wuta, gas ɗin tukunya, matsattsen gas, ya ce wa baƙon nan mai ladabi ɓoyayyen hayaƙi, a riƙa faɗi a rediyo da wa'azin Juma'a. In haka ta faru, tsohuwa a Cediyar 'Yan Gurasa za ta iya tsare injiniya da tambaya, mai unguwa zai iya karanta takardar kwangila ya ce ba wannan aka ce za a kawo ba. Ina zaman lafiya a nan?

Ko sunan fagen kansa abin yabo ne: madadin makamashi. Madadin me? A unguwarmu gawayi da itace da kara su ne 'yan gida tun kafin a gina ganuwa, janareta da sola suka zo suka tare, wutar NEPA kuwa baƙuwa ce mai leƙowa ta gaisa ta wuce. A Oktoban 2024 ta yi tafiyar kusan kwana goma daga yawancin Arewa, wasu lungunan sai a rediyo suka ji cewa ba ta nan. Amma a takarda ita ce uwargida, itacen da kakata ta girme tana hurawa shi ne amarya, an sa masa lalle an canza masa suna zuwa bayomas.

Wata uku bayan taron aka kawo mana tamu na'urar, kyauta, aka sauke ta a soron mai unguwa, koriya shar, da rubutu a jikinta. Takardar da ta biyo ta cewa ta yi a zuba shara. Muka zuba shara: ɓawon lemo, sauran tuwo, leda, da kashin tumakin layya da wani ya kawo gudummawa. Muka cinna mata wuta. Hayaƙin da ya murtuke sai da ya fito da mutanen lungu uku, har da wani tsoho da aka shekara ba a gan shi a waje ba. Washegari wani da ya halarci taron ya ce kuskure muka yi, shi ya ga hoto da idonsa, ruwa ake zubawa a rufe. Muka zuba bokiti shida muka rufe. Bayan mako biyu limamin unguwa ya aiko a roƙe mu don Allah. Tsohon maƙerin ya zo ya leƙa cikinta, ya ƙwanƙwasa maƙogwaron da yatsa, ya ce ƙirar ba ta da laifi, da za a ba shi busasshiyar totuwa buhu guda da ya gwada. Aka ce masa, "Baba, ka bari masu ilimin abin su dawo."

Ba su dawo ba tukuna, amma rahotonsu ya fito, an ce na'urar tana aiki kuma al'umma na amfana da ita. Babu ƙarya a ciki. Da ta bushe, kajin mai unguwa suka gano cewa cikinta da duhu da ɗumi. Jiya ƙwai biyar aka kwasa.